Doka da Armashi: Darasin Tseren Pari-Dakar da Gasar Formula 1

Masu iya magana sun ce inda babu ƙasa nan ake gardamar kokowa. Ma'anar maganar a fili take: da zarar an share fage, an zuba yashi, ƴan kallo sun yi da'ira, to baki ya gama aikinsa, saura ƙasa ta raba gardama. Sai dai akwai abin da karin maganar bai faɗa ba, wanda duk dattijon da ya taɓa rabon kokowa a dandalin Sassumbrum ko na Magarya bayan an ɗauke amfanin gona ya san shi sarai. Ƙasa ba ta yanke hukunci ita kaɗai. Sai an riga an yarda da abin da ake kira kaye, da irin kamun da aka hana, da wanda ke da ikon ɗaga hannun gwani. Idan aka taɓa ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa uku, an taɓa wasan gaba ɗayansa, ko da kuwa ƴan wasan su ne dai na jiya.

Mai karatu na iya mamakin abin da ya haɗa wannan magana da tseren motoci, wasan da ake kashe wa dukiya mai ɗimbin yawa a ƙasashen da ke nesa da Damagaram. Dalilai biyu ne. Na farko, da wuya a sami wasan da ke sauya ƙa'idojinsa akai-akai kamar tseren motoci, saboda haka a cikinsa ake ganin tasirin doka a kan armashi ƙuru-ƙuru. Na biyu, Nijar ba baƙuwa ba ce ga wannan harka, domin kuwa kimanin shekara 20 hamadarta na cikin manyan fagagen tseren Pari-Dakar, kuma waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 na tuna yadda sunayen Agadas da Dirku suka riƙa fitowa a rediyo duk watan Janairu. Abin da tarihin waɗannan gasanni ya nuna shi ne, armashin tsere yana fitowa ne daga rashin sanin abin da zai faru. Kyakkyawar doka ita ce wadda ke kare rai, ta kuma bar wa ɗan wasa damar ya nuna gwaninta ko ya yi kuskure. Dokar da aka ƙaga don ta haifar da sowa kawai, ƙarshenta takan rage darajar abin da ake yi wa sowar.

Armashin ɓata

Tseren Pari-Dakar ɓatan hanya ne ya haife shi. A 1977 wani matashi Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace da baburinsa cikin hamada lokacin tseren Abijan zuwa Nis, aka tsamo shi da ƙyar. Da ya koma gida sai ya ƙudura cewa abin da ya kusa halaka shi, shi ne zai sayar wa duniya. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Pari, suka ratsa Aljeriya, suka shigo Nijar ta Agadas zuwa Yamai, sannan Mali da Oto Bolta, wato Burkina Faso ta yau. Ranar 14 ga Janairu 1979 guda 74 kacal suka isa Dakar, Cyril Neveu ne a gaba bisa babur ƙirar Yamaha.

Ƙa'idar wancan zamani ba ta da yawa. Ana ba matuƙi littafin hanya mai zane-zane da adadin kilomita, ya riƙe kamfas, wato allurar da ke nuna arewa, sauran kuma tsakaninsa da rairayi. Gudu kaɗai ba ya ba mutum nasara, domin wanda ya fi kowa gudu zuwa inda ba can aka nufa ba ya fi kowa ɓata. A 1982 Mark Thatcher, ɗan Firaministar Ingila ta lokacin, ya yi kwana shida ba a san inda yake ba cikin Sahara. A 1983, shekarar da tseren ya fara ƙetare Tenere, guguwar yashi ta tashi, kimanin mutum 40 suka ɓace, aka yi kwanaki ana neman su ta sama kafin a tattaro su. Waɗannan labarai su suka yi wa tseren suna. Mai sauraro a Turai yakan kwana bai san ko gwaninsa na gaba ko yana can yana haƙa yashi a ƙarƙashin tayoyi ba.

A nan akwai abin lura ga ɗan Nijar. Hamadar da Turawa suka ɗauka wuri ne da babu kowa, hanya ce da ayarin gishiri ke bi tun ƙarnuka da dama tsakanin Abzin da Fashi da Bilma, kuma kantun gishirin da ake saye a kasuwannin kudu ta nan yake biyowa. Madugun ayari yana karanta taurari da kwanciyar yashi kamar yadda malami ke karanta allo. Ɓata a wurinsa musiba ce da ake addu'ar tsari daga gare ta. Masu tsere kuwa sun mai da ita kayan kallo. Shi kansa Sabine ya dogara da mutanen ƙasar, irin su Mano Dayak na Agadas, wajen sanin hanyoyin da yake aika baƙinsa su ɓace a cikinsu.

Wa ya biya farashin armashin?

Duk wanda ke kukan cewa dokoki sun kashe daɗin tsere, ya kamata ya fara tsayawa a kan wannan tambaya. Ranar 14 ga Janairu 1986 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi kusa da Gurma-Rarus a Mali, Sabine ya mutu tare da mawaƙin nan Daniel Balavoine da wasu mutum uku. An watsa tokarsa a gindin wata bishiya cikin Tenere, wadda ake kira da sunansa. Su waɗannan aƙalla sun zo da ƙafarsu. Akwai waɗanda ba su sayi tikiti ba, ba su kuma shiga gasa ba. A 1988 motar tsere ta take wata yarinya ƴar shekara 10 a garin Kita na Mali. A Janairun 2006 yara biyu suka mutu cikin kwana biyu a jere, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Jaridun Turai sun haddace sunayen matuƙan da suka mutu, amma na ƴan ƙauye kan wuce cikin layi ɗaya.

Daga irin waɗannan asarori ne dokokin kariya suka fito. An sa iyakar gudu cikin ƙauyuka, kilomita 50 ko 30 a awa, na'ura na rubuta gudun kowace mota, wanda ya ƙetare a ci shi tarar lokaci ko a kore shi. Bayan mutuwar Fabrizio Meoni, ɗan Italiya da ya ci tseren sau biyu, a Murtaniya cikin 2005, aka rage wa babura gudu. Bayan mutuwar Paulo Gonçalves da Edwin Straver a 2020, aka wajabta wa masu babur rigar da ke kumbura da iska idan mutum ya faɗi.

Haka abin yake a Formula 1, gasar da aka fara a 1950 wadda ita ce ƙololuwar tseren motoci bisa kwalta. A filin Imola na Italiya, Roland Ratzenberger ya mutu ranar 30 ga Afrilu 1994, washegari Ayrton Senna ya bi shi. Aka sake fasalin motoci da kwanoni masu haɗari. A 2018 aka wajabta wani bakan ƙarfe da ke kewaye kan matuƙi, wanda ake kira Halo, masoya wasan da yawa suka yi ta ƙorafin ya ɓata wa mota kyan gani. Shekara biyu bayan haka, a Baharain, motar Romain Grosjean ta tsaga shingen ƙarfe ta rabe biyu ta kama da wuta, ya fito da ƙuna a hannuwa kawai. Daga ranar ƙorafin ya lafa.

Hukuncin wannan rukuni na dokoki ba shi da wahala. Jin daɗin da ke buƙatar gawa ba abin da mai hankali zai yi kewarsa ba ne. Kuma babu wata shaida da ke nuna cewa ƴan kallo sun ragu don matuƙa sun daina mutuwa. Abin da ɗan kallo ke nema shi ne ya ga mutum a bakin iyakar iyawarsa, kuma ana iya ganin haka ba tare da an yi jana'iza ba.

Na'urar da ta kori ɓata

Rukuni na biyu ya fi wuyar sha'ani. A 1992, shekarar da tseren ya miƙe daga Pari har zuwa birnin Kap na Afirka ta Kudu, aka shigo da GPS, na'urar da ke karɓar saƙo daga tauraron ɗan Adam ta gaya wa mutum daidai inda yake. Ta fuskar ceton rai alheri ce babba, domin wanda ya faɗi cikin hamada ba zai ƙara kwana shida ba a gan shi ba. Ta fuskar wasa kuwa ta zare wa tseren lakarsa. Tunda kibiya na nuna wa kowa inda zai dosa, mai karanta hanya ya zama ɗan rakiya, gasar ta koma ta wanda injinsa ya fi ƙarfi da wanda kamfaninsa ya fi kuɗi.

Masu shirya tseren sun gane hakan, kuma abin da suka yi ya cancanci yabo, domin ba su jefar da na'urar ba, raba aikinta biyu suka yi. Daga tsakiyar shekarun 2000 aka bar ta tana sanar da masu ceto inda kowa yake, amma aka rufe mata baki ga matuƙi: ba za ta nuna masa kibiya ba sai ya matso kusa da wurin da aka ɓoye da ƙoƙarin kansa. Daga baya wata ɓaraka ta sake fitowa. Da yake ana raba littafin hanya tun da yamma, manyan kamfanoni suka ɗauki ƙwararru da ke kwana suna kwatanta shi da hotunan tauraron ɗan Adam, gari na wayewa matuƙi ya riga ya san hanyarsa. Sai a 2020 aka fara raba littafin mintoci kaɗan kafin tashi a wasu zanguna, a 2021 aka mai da shi ƙa'ida. Nan take manyan gwanaye suka koma ɓata, suna kewaya wuri ɗaya suna neman alama. A 2024 aka ƙara zangon awa 48 cikin hamadar Rub'ul Khali, inda matuƙi ke kwana a inda lokacin tsayawa ya riske shi, babu makanikai.

Mai karatu zai lura cewa waɗannan gyare-gyare na baya-bayan nan ba a Tenere aka yi su ba. A 1997 Agadas ce ma tsakiyar tafiyar, domin tseren Dakar zuwa Agadas ne da komawa. Amma a 2000, saboda barazanar hari, aka soke zangunan da aka tsara cikin Nijar, aka kwashe motoci da manyan jiragen dakon kaya daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya. A 2008 aka soke tseren ɗungurungum bayan kisan Faransawa huɗu a Murtaniya. Ya koma Kudancin Amurka daga 2009 zuwa 2019, sannan Saudiyya daga 2020, yana riƙe da sunan Dakar alhali ya bar Afirka. Duk da haka darasin bai tashi ba: lokacin da fasaha ta cinye rashin tabbas, doka ce ta maido da shi, kuma ta yi hakan ne ta hanyar ɗora nauyin bisa basirar mutum.

Ba kowace doka ce ke cika alkawarinta ba. A 2011 aka taƙaita injin babura zuwa 450, da fatan jawo sauran kamfanoni su karya mamayar KTM. Kamfanonin sun zo, amma KTM ta ci gaba da cinye gasar har 2019, sau 18 a jere tun daga 2001, sai a 2020 Ricky Brabec ya karɓe wa Honda. Doka na iya buɗe ƙofa, amma ba ta iya tura kowa ya shiga.

Sulalla a Gawo

Akwai wani abu da ya fi na'ura saurin kashe armashi, shi ne ɗan kallo ya gane cewa an yanke hukunci a wajen fage. A 1989 matuƙan Peugeot biyu, Ari Vatanen da Jacky Ickx, sun yi wa kowa nisa, suna ta gwabzawa tsakaninsu. Shugaban tawagar, Jean Todt, ya ji tsoron kada su farfasa motocin, sai a garin Gawo na Mali ya jefa sulallan faran 10 sama don a fitar da wanda zai ci. Ta faɗo wa Vatanen. Dubban kilomitocin da suka rage zuwa Dakar sun zama rakiya.

Shekara 13 bayan haka, shi dai Todt yana jagorantar Ferrari a Formula 1 lokacin da aka umarci Rubens Barrichello, a tseren Ostiriya na 2002, ya sassauta dab da layin ƙarshe Michael Schumacher ya wuce. Ƴan kallo suka yi ta ihun Allah wadai. Hukumar FIA mai kula da gasar ta hana irin wannan umarni, amma tawagogi suka koma ba da shi a sakaye, har aka janye hanin a ƙarshen 2010. Mutane na iya jure wa gwani ya yi ta cin gasa shekara da shekaru, kamar yadda ake jure wa kagara a fagen kokowa, muddin sun tabbata da ƙarfinsa yake kayarwa. Abin da ba sa yafewa shi ne a sayar musu da kaye.

Zomon da aka kama ba gudu

Rukuni na uku shi ne dokokin da aka ƙaga musamman don a ƙara wa wasa gishiri, kuma a nan Formula 1 ta fi kowa gwaji. Matsalar da ta haifar da su gaskiya ce. Motar Formula 1 tana da fikafikai da ke sa iska ta danne ta ƙasa, shi ya sa take shan kwana da gudun da motar gari ba za ta iya ba. Amma iskar da ta baro motar gaba a hargitse take, don haka ta baya na matsowa sai ta rasa riƙo. A tseren ƙarshe na 2010 a Abu Dabi, Fernando Alonso ya maƙale bayan Vitaly Petrov kusan zagaye 40, ya kasa wucewa, kambun duniya ya suɓuce masa zuwa ga Sebastian Vettel.

Maganin da aka kawo a 2011 shi ne DRS: idan tazarar da ke tsakanin mota biyu ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, an yarda na baya ya buɗe fiffikensa a miƙaƙƙen titi ya ƙara gudu, na gaba kuwa ba shi da wannan dama. Yawan wuce juna ya ƙaru sosai, ba mai musun haka. Sai dai Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma wannan zomo ne da aka kama ba gudu. A filaye da yawa na baya kan danna maɓalli ya wuce tun kafin a kai kwana, na gaba ba ya ko wahalar da kansa wajen tarewa.

Don a gane abin da aka rasa, a dubi Imola ta 2005. Schumacher ya riski Alonso da motar da ta fi tasa gudu, ya manne masa fiye da zagaye goma, yana leƙowa ta dama yana leƙowa ta hagu. Bai wuce ba ko sau ɗaya, Alonso ya ci da ratar da ba ta kai rabin daƙiƙa ba. Har yau ana lissafa wannan tsere cikin mafiya daɗi. Duk wanda ya taɓa kallon ƴan kokowa biyu sun sarƙe, kowa na neman ƙafar ɗan'uwansa, makaɗa sun yi shiru, ya san cewa daɗin yana cikin jiran kayen, kuma kayen da ya zo da arha ba a tuna shi.

Wasu gwaje-gwajen ma ba su yi tsawon rai ba. A 2005 aka hana sauya taya cikin tsere, a Indiyanapolis ta Amurka tayoyin kamfanin Michelin suka kasa jure filin, mota shida kacal suka yi tseren a gaban dubban mutanen da suka biya kuɗi. A 2014 aka ninka makin tseren ƙarshe don kada a san zakara da wuri, aka soke bayan shekara ɗaya. A 2016 aka sauya tsarin fitar da jerin tashi, aka janye bayan tsere biyu. Ita ma DRS dokokin 2026 sun kawar da ita bayan shekara 15, aka maye gurbinta da fikafikai masu motsi da ƙarin ƙarfin lantarki.

Akwai kuma wani abin mamaki da tarihi ya maimaita. Duk lokacin da aka yi wa dokokin ƙira garambawul don a daidaita tawagogi, sau da yawa tawaga ɗaya ce ke riga kowa fahimtar sabuwar dokar ta yi fintinkau. A 2009 Jenson Button na tawagar Brawn ya ci shida cikin tsere bakwai na farko. Da aka kawo injin haɗaka na fetur da lantarki a 2014, Mercedes ta riƙe kambun kamfanoni shekara takwas a jere. Dokokin 2022 sun nufi tushen matsalar iska, kuma sun sa motoci na iya bin juna kusa, amma a 2023 Red Bull ta ci tsere 21 cikin 22, Max Verstappen shi kaɗai ya ci 19. Da aka bar dokokin suka zauna, sauran suka kamo: a 2024 matuƙa bakwai daga tawagogi huɗu suka ci tsere, a 2025 kuma sai a tseren ƙarshe aka san zakara, Lando Norris, da ratar maki 2. Wato sau da yawa haƙuri da doka ya fi sauya ta haifar da gasa mai zafi.

Doka a tsakiyar wasa

Mafi munin abin da ke iya samun gasa shi ne a lanƙwasa doka ana cikin wasa. Ranar 12 ga Disamba 2021, a Abu Dabi, Lewis Hamilton da Verstappen suka shiga tseren ƙarshe da maki daidai wa daida. Hamilton na gaba da tazara mai yawa sai wata mota ta yi haɗari, aka fito da motar jagora da ke tara kowa a bayanta har a share hanya. Bisa yadda aka saba aiki da ƙa'ida, da tseren ya ƙare a haka. Alƙalin tseren, Michael Masi, ya ba motoci biyar da ke tsakanin mutanen biyu izinin wucewa, ya bar sauran, ya kuma janye motar jagora da wuri don a sami zagaye ɗaya na gwabzawa. Verstappen, da ke da sababbin tayoyi, ya wuce ya ɗauki kambu.

Zagaye ne da ya tsayar da numfashin miliyoyin mutane, kuma Verstappen bai yi laifin komai ba. Amma a Fabrairun 2022 aka sauke Masi, rahoton FIA kuma ya amince an yi kuskuren ɗan Adam. An sami sowar minti biyu, aka biya da gardamar da ba ta mutu ba har yau. Alƙalin da ya fara tunanin abin da zai burge ƴan kallo ya bar kujerarsa ya shiga fage.

Komawa dandali

Wannan doguwar tafiya ta dawo da magana inda ta faro. Kokowar gargajiya ta Nijar ita ma ta bi irin wannan hanya tun da aka mai da ita gasar ƙasa a Tawa cikin 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama zakara na farko. Daga dandalin ƙauye ta koma ginannen fage, jihohi takwas kowace da ƴan kokowa goma, da alƙalai, da agogo, da gargaɗi ga mai gudun kamu, da talabijin mai jiran lokacinsa. Wasu daga cikin waɗannan tilas ne, domin ba a iya tafiyar da gasar mutum 80 ba tare da iyakar lokaci ba. Amma duk mai bin gasar takobi ya san bambancin sowar da ke tashi idan an yi kaye da gunagunin da ke biyo bayan karawar da aka raba da lissafin gargaɗi. Tambayar da ta dami masu tseren motoci ita ce ke gaban masu kokowa: yaya za a hana noƙewa ba tare da an mai da alƙali shi ne gwanin fage ba?

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu, waɗanda su ne ke shirya kokowar matasa da sukuwar salla da gasar waƙa da kacici-kacici a garuruwa irin su Sassumbrum da Dungas, suna sauya ƙa'idoji fiye da yadda suke zato, sau da yawa a tsaye, ana gobe wasa. Tarihin da aka bibiya a nan ya ba su ma'auni uku. Idan doka don kare rai da lafiya ce, kamar nisanta yara daga hanyar dawaki, a kafa ta ko da an yi gunaguni. Idan don ƙara daɗi ce, a duba ko tana ƙara wa ɗan wasa nauyin nuna gwaninta, kamar littafin hanyar da ake rabawa da safe, ko kuwa tana sauke masa shi, kamar maɓallin da ke buɗe fiffike. Kowace iri ce kuma, a sanar da ita kafin a buga ganga, a bar ta ta zauna har a ga amfaninta, kada a taɓa ta ana tsakiyar karawa. Ƴan kallo na iya komawa gida da baƙin cikin an ka da gwaninsu, su dawo baɗi da ƙarfinsu. Waɗanda suka koma da zargin an shirya sakamakon, da wuya a sake ganin su a bakin fage.